Masu Neman Girma a Gaɓar Levuka

Warin kifi ne ya fara tarbar mu tun kafin bas ta tsaya. A kudancin garin Levuka akwai masana'antar da ke dafa kifin tuna tana zuba shi a gwangwani, ita ce ke riƙe da yawancin magidantan garin, kuma iskar teku kan kwaso warinta ta raba wa kowa. Bayan warin sai ido ya sauka a kan garin kansa: layi ɗaya na shagunan katako masu rufin kwano, teku a gabansu, dutse mai duhun itatuwa tsaye a bayansu kamar garu. Filin da ke tsakanin ruwa da dutsen bai fi jifa biyu ba. Ina gani na gane abin da ya sa Ingila ta kwashe babban birnin Fiji daga nan ta kai Suva a 1882. Garin ba shi da inda zai miƙe ƙafa.

Aiki ne ya kai ni Fiji, taron mako guda a Suva kan noman rogo da gwaza, waɗanda su ne tuwon mutanen can. Rogo suna ce masa tavioka, gwaza kuma dalo. Ranar da aka rufe taro muna cin abinci, wata abokiyar aiki 'yar ƙasar ta ce min kakan kakanninta ɗan Amurka ne, ma'aikacin jirgin ruwa, wanda ya sauka a tsibiran nan kusan shekara 200 da suka wuce, bai sake komawa gida ba. Na ce mata, "'Yar'uwa, me ya zaunar da shi?" Ta ce, "A garinsu shi ba kowa ba ne. A nan kuwa in ya shigo taro sai an matsa masa wuri." Maganar nan ta sa na ɗaga ranar komawata da kwana huɗu. Na hau bas daga Suva zuwa mashigin Natovi, jirgin fito ya ɗauke mu da bas ɗin gaba ɗaya ya tsallaka da mu tsibirin Ovalau, muka zagayo gaɓa har Levuka.

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu sunayen da za su zo. A rubutun Fiji, wanda 'yan mishan da suka sauka a tsibirin Lakeba a 1835 suka tsara, harafin c ana furta shi kamar zalun na allo, b kamar mb, d kamar nd, q kuma kamar ng mai nauyi. Don haka garin da jirgin sama ke sauka ana rubuta shi Nadi ana kiransa Nandi, sarkin da ake rubutawa Cakobau kuwa a kunne kusan Zakombau yake fita.

Mai masaukina ta haɗa ni da wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar kifin, ta ce in riƙa ce masa Momo, wato kawu. Washegari da sassafe teku ta janye, ta bar shimfiɗar duwatsun murjani a fili. Momo ya tattare sulu ɗinsa, zanen da maza ke ɗaurawa a can har zuwa ofis da coci, ya shiga ruwa iya idon sawu, ya sunkuya ya ɗago wani baƙin abu mai kaurin damtsen yaro, tsawonsa ya kai taƙi da rabi. Ya ɗora min a tafin hannu. Sanyi gare shi da laushi, yashi ya manne a bayansa. Ina riƙe da shi ya takure, ya feso ruwa ta gefe ɗaya. Ba ido, ba kai, ba ƙafa.

"Ɗana, ka ga dri," in ji Momo. "Shi ya kawo Amurkawa."

Ya karɓa, ya mayar da shi ruwa a hankali, daidai inda ya ɗauko shi.

Kafin dri, itacen sandal ne ya fara jawo jirage, ɗan'uwan wannan da mata ke sawa a haɗin turaren wuta. Mutanen Sin na ƙona shi a wuraren ibadarsu, suna kuma biyan kuɗi mai tsoka. Daga wajajen 1804 jiragen Turawa da na Amurka suka dinga cincirindo a gaɓar Bua da ke tsibirin Vanua Levu, kuma cikin shekara goma suka sare itacen ƙaf. Daga ƙarshen shekarun 1820 har cikin na 1850 sai aka koma kan dri, wanda masu kuɗin Sin ke sawa a miya suna ɗaukarsa maganin ƙarfin jiki. Wannan cinikin kusan duk jiragen garin Salem da ke jihar Massachusetts ne suka riƙe shi. Amurka a lokacin sabuwar ƙasa ce, tana son shayi da alharini da tangaran na Sin, amma ba ta da wani kaya nata da Sin ke buƙata sosai. Shi ya sa kyaftin-kyaftin ɗinta suka bazu cikin Tekun Pasifik suna neman duk abin da zai saye a can. Su cika jirgi da busasshen dri a Fiji, su sayar wa 'yan kasuwar Sin a Manila, su sayi kayan da za su kai gida.

Aikin ba na mutum goma ko ashirin ba ne. Sai an sami masu nutso da masu tsinta a kan duwatsun murjani. Sai an tsaga dri ɗin an fitar da cikinsa, a dafa a manyan tukwanen ƙarfe, sannan a jera shi a kan ragaya cikin wata doguwar rumfa da aka haƙa ramukan wuta a ƙarƙashinta, hayaƙi ya yi kwanaki yana busar da shi dare da rana. Itacen da rumfa ɗaya ke ci ya isa ya tsirar da gefen tudu. Ɗaruruwan hannaye ake buƙata na watanni, kuma a Fiji ba wanda zai iya tara ɗaruruwan hannaye sai sarki. Kyaftin ɗin da ya zo da jirginsa da igwansa dole ya nemi sarki, ya biya shi da bindigar toka da albarushi da darma da gatura da wuƙaƙe. Sama da duk waɗannan akwai tabua, haƙorin wannan ƙaton kifi mai girman gida da Turawa ke kira wel. Na ga tabua da dama a gidan tarihi na Suva, kowane ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, ya yi ja-ja saboda mai da hayaƙi da hannayen da ya ratsa, an ɗaura masa igiyar da aka tuƙa da zaren ɓawon kwakwa. Abin da goro ke yi mana wajen neman aure, tabua na yin ninkinsa: da shi ake neman aure, da shi ake ta'aziyya, da shi ake roƙon gafara, da shi ake neman dafa baya a yaƙi, kuma wanda ya karɓa ya ɗauki nauyin abin da aka roƙa.

To kyaftin bai iya harshe ba, bai san wane sarki ke ƙarƙashin wane ba, bai san yadda ake miƙa tabua ba tare da an ci mutuncin wani ba. A wannan giɓin ne wasu talakawan ma'aikatan jirgi, waɗanda jirginsu ya fashe ko suka gudu ko aka yar da su, suka sami abin da ba za su taɓa samu a gida ba.

Na farkon da ya yi suna shi ne Charles Savage, wanda ba ɗan Amurka ba ne amma a jirgin Amurka mai suna Eliza ya zo, jirgin da ya fashe kusa da tsibirin Nairai a 1808. Ya kai bindigogi tsibirin Bau, ya yi wa sarkinta yaƙi, aka ba shi mata da matsayi, aka kashe shi a wani faɗa a Vanua Levu a 1813. Girmansa tsawon bindigarsa ne, bai wuce shekara biyar ba.

Wanda ya fi riƙe hankalina shi ne David Whippy. Ɗan Nantucket ne, wani tsibiri a gaɓar Massachusetts inda kowane yaro ke tashi da burin zama kyaftin na jirgin farautar wel. Whippy bai zama kyaftin ba. A wajajen 1825, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wani kyaftin mai suna Peter Dillon ya sauke shi a Fiji ya ce ya tara masa ɓawon kunkurun teku kafin ya dawo, sannan ya yi shekaru masu yawa bai waiwayo ba. Yaron ya koyi harshe har ya zama kamar da shi aka haife shi, ya ci abin da ake ci, ya bi mutanen Levuka yaƙi. A shekarar 1825 ɗin nan jirgin farautar wel mai suna Oeno, shi ma na Nantucket, ya fashe a tsibirin Vatoa, aka kashe duk mutanen cikinsa sai William Cary kaɗai. Bayan wani lokaci Cary ya yi kiciɓis da Whippy, wanda ya sani tun suna yara a gida, ya tarar da shi ya riga ya zama ɗan gari. Sarkin Levuka, wanda ake kira Tui Levuka, ya naɗa Whippy Mata ki Bau, wato manzonsa zuwa fadar Bau.

Ban san nauyin wannan sarauta ba sai da Momo ya kai ni gaisuwa ƙauyen danginsa. A Fiji baƙo ba ya shiga ƙauye hannu rabbana, sai ya kai sevusevu, wato gaisuwar neman izini. Tun a Suva an gaya min, don haka na hau benen babbar kasuwa na sayi damin saiwar yaqona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a tarukan gargajiya, an naɗe shi da jarida an ɗaure da zare. Muna isa bakin ƙauyen Momo ya ce, "Ɗana, cire hular." A wurinmu shiga gaban manya da kai ba hula rashin kunya ne, a can kuwa barin ta a ka ne raini ga sarki. Na cire na sa a aljihu. Muka cire takalma, muka shiga a sunkuye, muka harɗe a kan tabarma can kusa da ƙofa. Dattijon gidan na zaune a ƙuryar sama. A tsakiya ga tanoa, babban akushi mai ƙafafu da aka sassaƙa daga itace guda, da igiya mai farin wuri a ƙarshenta an miƙa ta tana nuna dattijon.

Ni ban ce uffan ba, domin baƙo ba ya magana da bakinsa. Momo ya riƙe damin da hannu biyu, ya yi doguwar magana ƙasa-ƙasa, ya faɗi daga inda na fito da abin da ya kawo ni. Dattijon ma bai amsa da kansa ba. Wani mutum da ke gefensa ne ya ɗora hannu a kan damin ya mayar da jawabi, jama'a suka tafa da hannu a dunƙule, tafi mai zurfin amo. Wannan mutumin shi ne matanivanua, fuskar ƙasa, bakin sarki. Aka jiƙa garin saiwar, aka tace, ruwan ya fito launin kunun ƙasa. Wani saurayi ya ɗebo a ƙoƙon ɓawon kwakwa ya kai wa dattijon a durƙushe. Dattijon ya tafa sau ɗaya, ya shanye a tashi guda, aka tafa sau uku. Ƙoƙo na biyu na matanivanua ne. Momo ya riga ya gaya musu ni ba na sha, suka karɓi uzurina da fara'a, shi ya sha a madadina.

Ina zaune a wurin na dinga lura da yadda kowa ya san wurin zamansa, ya san ƙoƙo na nawa ne nasa, ya san wa zai yi magana a madadin wa. A nan girma abu ne da ido ke gani a kan tabarma. Whippy, yaron da aka yar a bakin ruwa, a irin wannan tabarmar ya sami gurbi kusa da sarki. Kuma gurbin aiki ne mai haɗari. Bau ɗan tsibiri ne da bai wuce eka 20 ba, amma a lokacin shi ne ke juya tsakiyar Fiji, kuma manzon da zai ɗauki tabua ya kai saƙo can dole ya san kowace kalma da kowane sunkuyo, domin kuskure ɗaya na iya jawo wa garinsa yaƙi. Na so in je Bau in gani, Momo ya ce har yau ba a shigar ta sai da gayyata. Na haƙura.

Na ji Whippy ya kwanta min, amma ba zan ɓoye abin da ya dame ni ba. Shi da sauran baƙin da suka taru a Levuka sun tara mata, wasu sarakuna ne suka ba su kyauta, wasu kuma kamammun yaƙi ne. Matan nan su suka yi noma, su suka yi girki, su suka haifi 'ya'yan da suka zama matuƙan jirage da masassaƙan garin, kuma ta dalilinsu baƙin suka sami dangi. A al'adar Fiji ɗan 'yar'uwa, wanda ake kira vasu, yana da iko na musamman a gidan kawunnansa, don haka wanda ya haihu da 'yar gidan sarauta ya kafa wa zuriyarsa tushe mai ƙarfi. A ƙaramin gidan tarihin Levuka, wanda ke cikin tsohon kantin Morris Hedstrom, da cikin duk abin da na karanta, sunayen mazan na nan birjik da shekarunsu da sunayen jiragensu. Na matan kuwa sai ka tona kafin ka sami ɗaya. Abokiyar aikina ta Suva ta faɗa min sunan kakanta namiji ba tare da tunani ba. Da na tambaye ta sunan matar, sai ta ce za ta tambayi gwaggonta.

Girman kuma aro ne. A 1844 Cakobau, ɗan sarkin Bau wanda ya riga ya karɓi ragamar iko a hannun mahaifinsa Tanoa, ya fusata da Turawan Levuka saboda sun taimaki wani ɗan kasuwa da yake ɗauka ɗan leƙen asirin abokan gabarsa na masarautar Rewa ne. Ya kore su duka, har da Whippy da sarautarsa. Suka kwashi mata da 'ya'ya suka koma Solevu a Vanua Levu, suka yi kusan shekara biyar kafin a bar su su dawo. Baƙo raɓa ne, ko da ya yi shekara ashirin.

Wataƙila shi ya sa Whippy bai saki igiyar gida ba. Lokacin da ayarin jiragen binciken gwamnatin Amurka ƙarƙashin Charles Wilkes ya zo auna tekun Fiji a 1840, Whippy ne tafintansu kuma ɗan jagoransu, Wilkes ya yabe shi a rubuce. A 1846 aka ba shi muƙamin mataimakin ƙaramin jakadan Amurka. Ya ƙera jiragen ruwa, ya gwada yin sukari a tsibirin Wakaya a 1862, tsibirin da nake hangowa kullum daga tagar masaukina, ya rasu a Wainunu a 1871. Zuriyarsa na nan da yawa har yau.

Zuwan Wilkes ɗin nan ya nuna wata hanyar neman girma dabam. A watan Yuli na 1840 aka kashe jami'ansa biyu a tsibirin Malolo wajen cinikin abinci, ɗaya daga ciki ɗan 'yar'uwarsa ne. Wilkes ya ƙone garuruwa biyu, ya kashe mutane kusan 80, sannan ya sa waɗanda suka tsira su zo da rarrafe su nemi afuwa. Ya kuma kama wani basaraken Rewa mai suna Veidovi bisa kisan wasu ma'aikatan jirgin Amurka shekaru shida kafin nan, ya tafi da shi. Veidovi ya rasu a New York a 1842, jim kaɗan da isarsu.

Su kyaftin-kyaftin ɗin Salem kuwa idonsu na gida. Tun 1799 suka kafa wata ƙungiya a garinsu mai suna East India Marine Society, wadda ba a shiga sai wanda ya taɓa zagaya ƙarshen Afirka ta kudu ko ƙarshen Kudancin Amurka a matsayin kyaftin ko mai kula da hajar jirgi. Ana son kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin mamaki daga inda ya je. Kulake da masu da akusan Fiji suka cika zaurensu, kuma suna can har yau a gidan tarihi na Peabody Essex. Fiji ta yi suna a wurin Turawa da cin naman mutum, kuma abin ya faru da gaske a yaƙe-yaƙen wancan zamani, mutanen Fiji da kansu ba sa musu. Amma sunan ya zama jari ga baƙin. Wanda ya dawo daga can da ransa da riba ya zama jarumi a majalisa, kuma duk abin da ya yi wa mutanen can yana da uzuri a shirye. Har mace ta sami rabonta. Mary Wallis ta bi mijinta, Kyaftin Benjamin Wallis, a jirginsa Zotoff daga 1844, ta zauna da iyalan 'yan mishan a tsibirin Viwa yayin da mijin ke tara dri. A gida matar matuƙin jirgi ce kamar dubunta, a Fiji ana ce mata marama, wato uwargida mai daraja, manyan sarakuna na zuwa gaishe ta. Ta koma ta buga littafin abin da ta gani a 1851. Neman girman bai tsaya a ɓangare ɗaya ba: wani basaraken Rewa mai suna Cokanauto ya koyi Turanci a jiragen Salem, ya ɗauki sunan Phillips, sunan wani attajirin mai jirage na garin, yana amfani da abotar baƙin wajen takarar sarauta da 'yan'uwansa.

Shi kuma John Brown Williams, wanda labarinsa ya fi ɓata min rai, shi ma ɗan Salem ne, daga garin da ake auna namiji da jiragen da ya mallaka. Ciniki bai karɓe shi yadda yake so ba, sai ya nemi muƙamin gwamnati, ya zama wakilin cinikin Amurka a Fiji. A 1846 ya sayi ɗan tsibirin Nukulau da ke kusa da bakin kogin Rewa da kayan da ba su wuce na dala 30 ba, ya gina gidan katako mai bene, ya kafa tuta. Ranar 4 ga Yuli, 1849, yana bikin ranar 'yancin Amurka da harbe-harben igwa, wuta ta kama gidan. Mutanen da ke wurin suka fitar da kaya daga cikin wutar, suka tafi da wasu. Williams ya rubuta asarar dala 5,000 da 'yan kai, ya ce sai an biya shi.

Wa zai biya? Nukulau ƙasar Rewa ce, Rewa kuwa tana yaƙi da Bau. Amma Cakobau ya riga ya fara amsa sunan Tui Viti, Sarkin Fiji duka, sunan da bai gada ba kuma sauran sarakuna ba su yarda da shi ba, baƙi ne suka fi kiransa da shi, shi kuma ya ji daɗinsa. Williams ya kama shi da wannan: tunda kai ne sarkin duka, bashin duka naka ne. Shekara bayan shekara yana aika takarda Washington, yana roƙon a turo jirgin yaƙi. A 1855 jirgin yaƙi John Adams ya zo, kwamandansa Boutwell ya haɗa ƙarar Williams da ta sauran Amurkawa, ya ɗora ruwa a kai, kuɗin ya haura dala 43,000. Sunan Whippy ma na cikin masu neman diyyar. Aka kira Cakobau cikin jirgin, aka tsorata shi da cewa za a tafi da shi Amurka, ya sa hannu. Ya san abin da ya sami Veidovi. Yana sauka ya sa aka rubuta cewa tsoro ne ya sa shi.

Daga nan bashin ya zama igiya a wuyan ƙasar. A 1858 Cakobau ya yi wa Ingila tayin mulkin Fiji da fili eka 200,000 in za ta biya masa, Ingila ta yi nazari ta ƙi a 1862. A 1867 wani jirgin yaƙin Amurka ya sake zuwa da barazana. A 1868 wani kamfanin Melbourne ta Ostireliya mai suna Polynesia Company ya ɗauki nauyin bashin, aka yi masa alkawarin eka 200,000, ciki har da filin da birnin Suva ke kai yanzu. Turawa masu neman gonar auduga suka kwararo, gwamnatin da aka kafa da sunan Cakobau a Levuka a 1871 ta nutse cikin nata bashin, kuma ranar 10 ga Oktoba, 1874, Cakobau da wasu manyan sarakuna 12 suka miƙa Fiji ga Ingila. Ba gobarar Nukulau kaɗai ta jawo haka ba, akwai tsoron Ma'afu, wani basaraken ƙasar Tonga da ke cin gabashin tsibiran, akwai rikicin Turawan da suka cika gari. Amma duk wanda ya bi zaren zai tarar da gidan Williams a farkonsa. Na taka da ƙafa zuwa Nasova, kudu da masana'antar kifi kaɗan, inda aka sa hannu. Ɗan fili ne mai ciyawa a bakin ruwa, da duwatsun tunawa a kewaye da shinge. Sai ranar 10 ga Oktoba, 1970, bayan shekara 96 cif, Fiji ta karɓi kanta.

Williams bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, bai kuma karɓi kuɗin da ya kwashe shekara goma yana bi ba. Ya rasu a Levuka a 1860.

Ranar da zan tafi na ce wa Momo ina son ganin kabarinsa. Muka bi titin bakin teku zuwa arewa, muka wuce shagunan katakon da suka sa UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, muka tsallaka wata 'yar gada zuwa tsohon ƙauyen Levuka, mazaunin Tui Levuka. Na cire hula tun kafin a ce min. Momo ya yi wa wasu mata da ke shanya tabarmi magana, suka nuna mana hanya da hannu. Kabarin na cikin tsohuwar maƙabarta da ke gefen cocin Methodist na ƙauyen, teku na 'yan taku kaɗan daga wurin.

Na tsaya ina karanta sunan. Momo kuwa ya tsuguna ya fara cire ciyawar da ta fito a gefen dutsen, yana tarawa a hannu ɗaya.

Na ce, "Momo, ka san abin da mutumin nan ya jawo muku?"

"Na sani, ɗana. A makaranta an koya mana." Ya ci gaba da cirar ciyawar. "Ba shi da kowa a nan. Ba wanda ke zuwa daga garinsu."

Na tsuguna na kama masa. Da muka gama ya kai ciyawar bakin shinge ya zubar, ya karkaɗe hannunsa a jikin sulu, ya ce mu hanzarta in ɗauki jakata, domin bas ɗin da ke zuwa mashigin jirgin fito ba ta jiran kowa.